Tsarabar da Na Kai wa Malaman Balkisa

Tun da na dawo daga Faransa 'yan fadarmu ta hira ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Mushe, yaya ƙasar take? Da gaske ne karnukansu suna sa riga?" In ba su labarin sanyi, in ba su na jirgin ƙasa, a yi dariya a watse. Amma ainihin abin da ya same ni a can ban faɗa wa kowa ba. Yanzu uwargidana Hajiya ta rantse in ban faɗa da bakina ba, ita za ta faɗa wa matansu da nata. Na san bakin Hajiya. Gara in rubuta da kaina, kowa ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isufu, malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, a Damagaram har na ajiye alli, shi ya sa ake ce mini Mushe, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. 'Yata ta uku, Balkisa, ta yi shekara biyar a Liyon tana karatun zama dakta, a kan yadda Amurka take hulɗa da ƙasashenmu. Aka sa ranar da za ta kare kundinta gaban manyan malamai biyar, ɗaya daga cikinsu daga Amurka zai taso takanas. Ta gaya mini a waya cewa an yi wata da watanni kafin a samu ranar da su biyar ɗin za su iya haɗuwa, kuma takardar zamanta a ƙasar ƙarshen watan za ta ƙare. Idan ranar ta kuɓuce, aikin binciken da aka yi mata alkawari ya tafi, sai dai ta tattaro ta dawo gida ba digiri. Ta ce, "Baba, so nake ka zo ka zauna a layin gaba." Na ce ko da rarrafe ne zan zo.

In faɗi gaskiya, har da son kaina a ciki. Shekara arba'in ina manne da rediyo safe da yamma, kuma a fadarmu in gardama ta tashi a kan Amurka ni ake jira in yanke. Ni na koya musu cewa shugabansu shekara huɗu yake yi, ba ya wuce wa'adi biyu, majalisarsu biyu ce, alƙalan babbar kotunsu kuma sai mutuwa ko gajiya take sauke su. A ganina yarinyar nan a wurina ta gado, sai dai ita an ba ta takarda.

Hajiya ba ta iya tafiyar saboda gwiwa, sai ta huce a kan akwatina. Ta ce, "Malam, za ka je wurin mutanen da 'yarka take hannunsu, ka shiga musu kana kaɗa hannu? Su ce daga wane gida ta fito?" Ta sa aka yi kilishi, ta soya alkaki da kanta, ta tura ni wurin dukawa aka ɗinka jakunkunan fata guda biyar, ja da kore, aikin Damagaram na asali. Ba zan ɗora mata laifi ita kaɗai ba. Ni na zaɓi fatar, ni na koma sau biyu na ce a gyara ɗinkin.

Hanyar kanta jarrabawa ce. Na hau bas da asuba, sai bayan isha muka shiga Yamai, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi fita. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai a rufe yake tun da gwamnatinmu da tasu suka ɓata, don haka sai da na tafi Lome neman biza. Kwana goma sha biyu na yi a Zango a gidan wani Bahaushen Togo, ina cin doya kamar an yi mini wahayi da ita. Ranar ganawa wani saurayi a bayan gilashi ya tambaye ni mene ne shaidar cewa zan dawo gida. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ina da mata, ina da jikoki tara, ina da tantabaru da ba sa cin hatsi a hannun kowa sai nawa. Me zan zauna yi a ƙasarku?" Ya rubuta wani abu bai ɗago ba. Bayan kwana huɗu aka buga mini hatimi.

Jirgin da yake zuwa Paris kai tsaye ya daina sauka a wurinmu, sai ta Istambul muka zaga. A filin jirgin Paris kuwa wani ɗan kare, bai kai tunkiya ba, ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. Matar duwan, wato kwastan, ta ce in buɗe. Ta ɗaga kilishin Hajiya da yatsa biyu.

"Nama ne?"

Na ce, "Busasshe ne, Madam. Ya sha rana, ya sha wuta, ya sha yaji. Babu cutar da za ta rayu a cikinsa."

Ta ce nama dai nama ne, ta jefa shi cikin wani kwandon shara ina kallo. Wallahi har cikin zuciyata na ji. Alkaki ya tsira, bayan na ci guda a gabanta. Jakunkunan kuwa ta shinshina, ta ce aikin ya yi kyau, ta mayar mini. Da ta san alherin da za ta yi mini, da su ta jefar.

Laminu ne ya tare ni. Tsohon ɗalibina ne, na sha zane shi a kan lissafi, ga shi yau lissafin ne yake ci da shi a wani kamfanin inshora. Ya karɓe akwatin, ya ce, "Mushe, kada ka saki rigata," muka gangara cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke ce wa metro. Da na shiga na yi wa jama'a sallama, na ƙara da gaisuwa da Faransanci. Ko mutum ɗaya bai amsa ba. Wata mata ma sai ta jawo jakarta ta rungume. Laminu ya raɗa mini cewa a nan wanda ya gai da taro a mota, ko dai roƙo zai yi ko wa'azi.

Yana zaune kusa da unguwar Lashapel, hawa na shida, ba na'urar hawa. Ɗakin bai kai zauren gidana ba, amma ya bar mini gadon ya kwanta a ƙasa. Ta taga ana hango gadoji sun hau kan juna, a ƙarƙashinsu tantuna jere, mutanenmu baƙaƙe suna sayar da taba da cajar waya suna waige-waige. Da muka sauka sayen burodi na ji Hausa a bakin wani dattijo, ashe Bahaushen Sudan ne. Muka gaisa har muka gai da dabbobi. Ya ce wata takwas ke nan yana jiran takarda. Na ba shi alkaki biyu.

Abinci kuwa, burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma yana da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma Laminu ya yanko mini wani cuku mai tsanwa-tsanwa a ciki, ya ce na manya ne. Na ce ya kai wa manyan.

Ranar Lahadi abokansa 'yan Maraɗi da Tawa suka taru gai da ni, aka dafa shinkafa, hira ta faɗa kan ficewar sojojin Amurka daga Agadas. Nan na gyara zama. Na ce ai Amurka mutum ɗaya ne, shugaba. In ya so ka ya ba ka, in ya ƙi ka ya hana ka, sauran duk ado ne. Sai Laminu, Laminun da ban gama mantawa da kukansa ba, ya ce, "Mushe, a yi mini afuwa, Balkisa ta taɓa yi mana bayani. Kuɗin a hannun majalisa yake. Suna da doka cewa da zarar gwamnatinsu ta furta cewa juyin mulki aka yi a wata ƙasa, yawancin taimako ya tsaya, ko shugaban yana so ko ba ya so. Shi ya sa suka daɗe suna kewaye-kewaye kafin su kira abin da sunansa. Sojansu na son abu, jakadunsu na son wani, majalisa na can tana nata." Duk suka gyaɗa kai. Na ce shayin nan ya yi sanyi, a sake dafawa.

Laminu ya miƙa mini kundin da Balkisa ta aiko a ba ni, shafi ɗari huɗu da wani abu, ya fi tubali nauyi. Na ce zan karanta a jirgin ƙasa. To jirgin nan awa biyu kacal yake yi tsakanin Paris da Liyon, kuma ba ya ko girgiza. Na buɗe shafin farko, na ga gonaki suna gudu ta taga, na ga shanu farare ba makiyayi. Farkawar da zan yi sai na ji mai duba tikiti yana taɓa kafaɗata, wai mun iso.

Balkisa ta rame. Abin da na fara gani ke nan, wuyanta ya yi tsawo, idonta ya faɗa. Tare take da ƙawarta Rifkatu, Kirista 'yar Jos, wadda suke haya ɗaya, tana aiki a wata masana'antar sinadarai a San-Fon. Rifkatu yarinya ce mai baki. Tun a tasha ta fara tsokanata, wai Hausarmu ta Nijar rabi Faransanci ce. Na ce taku fa, da kuke ce wa buro ofis? Ta ce, "Baba, ai namu kuskuren ya fi naku tsufa." Nan take ta shiga raina.

Washegari suka ja ni Giyotiyar cefane. Unguwar nan in ka rufe ido ka saurara sai ka rantse kana kasuwar Yamai: Larabawa, Sanagalawa, 'yan Kamaru, kowa da yarensa. Akwai kuka, akwai kuɓewa busasshiya, akwai daddawa, har goro na gani, sai dai ya yi yaushi. Na tambayi dalilin wannan uban cefane. Balkisa ta ce al'adarsu ce, bayan an gama kare kundi ɗalibi yakan ciyar da malaman da suka jarraba shi da duk wanda ya zo. Na ce a raina, ashe dai mutanen nan suna da tarbiyya. Idan ɗaliba za ta ba su abinci, ai uban ɗaliba ya ba su jaka ba wani abu ba ne. Ta ce "bayan", na ji sarai, ban dai auna kalmar ba.

A tarago muna dawowa na ce ta ba ni kundin a taƙaice. Ta ce, "Baba, a kan kyauta ne. Tsarin mulkin Amurka ya hana duk mai riƙe da muƙamin gwamnati karɓar kyauta daga wani sarki ko wata ƙasa sai da yardar majalisa. Kusan shekara ɗari biyu da suka wuce sarkin Maroko ya aika wa shugabansu zakuna biyu. Wakilinsu da yake can ya ce ba shi da ikon karɓa. Manzon sarki ya ce shi kuma in ya koma da su kansa zai bar wuyansa. Haka zakunan suka zauna a ofishin wakilin wata da watanni, ana ciyar da su, har majalisa ta zauna ta ce a kawo su a yi gwanjonsu."

Na yi dariya har na ƙware. Na ce waɗannan wane irin miskilai ne, a ba ka abu ka kira taro? Ko kusa ban ga kaina a cikin labarin ba. A ganina dokar shugabanni ce, ina ruwan malaman makaranta. Zancen jakunkuna kuma ban yi mata ba, don na ɗauka magana ce tsakanin manya, ba ta yara ba.

Ranar ta zo. Ƙarfe biyu na rana za a fara. Na sa babbar rigata fara, na ɗauki ledata. Muna isa jami'ar Balkisa ta shige babban ɗaki tana haɗa na'urarta, Rifkatu tana jera abinci a wani ɗaki. Na tambayi wata sakatariya ina malaman suke, ta nuna mini wata ƙofa, ta ce suna ganawa kafin a fara. Na ƙwanƙwasa na shiga.

Su huɗu na tarar. Na biyar, malamin da ya duba aikinta, ya fita amsa waya, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ya taɓa zama a ƙasarmu. Akwai wata mata mai furfura da gajeren gashi, ita suka zaɓa ta shugabanci zaman. Akwai Ba'amurken, dogo, ba ko laktaye a wuyansa. Na gabatar da kaina, suka miƙe da fara'a muka yi musafaha. Na gai da su, na gai da iyalansu, na yi musu ban gajiya. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya na ajiye wa kowa jakarsa a kan takardunsa. Na tattaro Faransancina mafi kyau, wanda nake ajiye wa masu duba makarantu, na ce, "Ga 'yata nan, amana ce a hannunku. Ku dube ta da idon rahama."

Ba'amurken ya janye hannayensa daga tebur kamar na ajiye masa garwashi. Madam shugaba ta cire tabarau ta ce a hankali, "Mushe, ka san abin da ka yi yanzu?"

Na ce tsaraba ce daga gida.

Ta ce, "Na yarda. Amma ka ba mu kyauta, ka roƙe mu sassauci, kafin mu yi hukunci. Ba ni da ikon yin kamar ban gani ba. Dole in kira shugaban sashen. Idan ya ce a ɗage, an ɗage."

Daidai nan malaminta ya dawo. Ya ga jakunkuna, ya gan ni, ya ɗora hannu biyu a ka. Aka kira Balkisa. Har in mutu ba zan manta fuskarta ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da Hausa, "Baba, me ka yi?" Na buɗe baki in ce ai uwarki ce, sai na ji kunyar kaina na rufe.

Aka fitar da mu. Minti arba'in muna tsaye a baranda, ɗalibai suna wucewa suna kallon rigata. Ba'amurken da safe jirginsa zai tashi, kowa ya sani. Balkisa ta jingina da bango ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi. Ni da na yi shekaru ina tsayar da 'ya'yan mutane a bakin ƙofa, yau ga ni a bakin ƙofa ina zufa cikin sanyi. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na tsani jakunkunan nan da wanda ya ɗinka su.

Daga ƙarshe Madam ta fito. Ta ce an miƙa jakunkunan ga sakatariya ba wanda ya buɗe, za a rubuta abin da ya faru a rahoto, kuma shugaban sashen ya ce a ci gaba idan su biyar sun amince. Sun amince. Ta dube ni ta ce, "Za ka zauna, za ka yi shiru." Na ce to, kamar ɗan aji ɗaya.

Kada wanda ya gaya muku kare kundi biki ne. Kotu ce. Balkisa ta yi bayani na minti ashirin. Sannan suka fara, kowa da rabin awarsa. Kowannensu sai ya buɗe da yabo, ka ce zai ba ta 'yarsa, daga nan ya ce "amma", ya shiga fiɗa. Wani ya ce shafi kaza ba hujja. Wata ta ce ta dogara da takardun Amurkawa fiye da kima. Sau biyu na yunƙura zan tashi, Rifkatu ta damƙe hannun rigata ta ce, "Baba, ka zauna. Haka ake yi. In ba su yage ta ba, sun raina aikin ke nan."

Ba'amurken ne na huɗu. Faransancinsa kamar yana tauna tsakuwa, amma ana ganewa. Ya yi tambayoyi a kan majalisarsu ta amsa. Sannan ya rufe kundin ya ce, "A babi na huɗu kin ce ƙasata ta kasa fahimtar mutanenku saboda ta iya bayarwa ba ta iya karɓa ba. Ɗazu mahaifinki ya ba ni kyauta kafin in yi hukunci. A wurinmu wannan suna ɗaya gare shi, cin hanci. To gaya mini, dokarmu ce ba daidai ba, ko mahaifinki?"

Madam ta ce wannan tambayar ta fita daga kundi. Balkisa ta ce, "A'a, Madam, tana ciki. Zan amsa." Ba ta dubi inda nake ba.

Ta ce, "Dokarku daidai ce, mahaifina ya yi kuskure."

Kai! Gaban mutum hamsin. Na ji kamar an kwaɗa mini mari, kunnena har ƙara yake.

Ta ci gaba. "Waɗanda suka rubuta dokar sun ga yadda sarakunan Turai suke sayen jakadu da kyauta, suka toshe ƙofar. Kuma alƙali ba ya karɓa kafin hukunci, a wurinmu ma haka yake. Amma ba saye ya zo yi ba. Shekara talatin da biyar yana koyarwa. Iyaye sun kawo masa ƙwan zabi, sun kawo gero, da su aka rene ni. Kuma na ga ya kayar da 'ya'yansu a jarrabawa ba ko ƙiftawa. Ni kaina ya kayar da ni a aji huɗu na maimaita. A wurinmu wanda ya zo maka hannu wofi cewa yake yi ba ruwansa da kai. Wanda kuma kullum ake ba shi, ba a taɓa karɓar nasa, an gaya masa shi ba kowa ba ne. Ƙasarku ta yi shekaru tana ba mu hatsi, tana ba mu magani, tana horar da sojojinmu, kuma an amfana. Amma da wuya ta zauna ta ji abin da muke da shi, ko da shawara ce. Ranar da aka ce ta kwashe kayanta, ta yi mamaki ƙwarai. Mu kuma namu kuskuren shi ne muna tsammanin in mun gai da mutum ɗaya mun gai da Amurka. Kundin bai ce a soke dokar ba. Cewa ya yi a san abin da ake mayarwa in an mayar."

Ba'amurken ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta wani abu mai tsawo, ya ce ba shi da sauran tambaya. Ko ya gamsu ko haushi ya ji, fuskarsa ba ta nuna ba.

Bayan awa uku da rabi aka sake fitar da mu don su yi shawara. Wannan karon Balkisa can nesa ta tsaya da abokanta, ni kuma na zauna a kan benci ina jan carbi ina ɓata lissafi. Aka buɗe ƙofa, aka ce kowa ya shigo ya tsaya a tsaye. Madam ta karanta takarda, ta kira sunan Balkisa da nawa a haɗe, ta ce sun ba ta digirin dakta, kuma su biyar bakinsu ɗaya. Rifkatu ta rangaɗa guɗa irin ta Jos har wani farfesa ya zabura. Ni kuwa na ce alhamdulillahi.

A wurin cin abinci Turawan nan suka yi wa tuwon shinkafa da miyar kuka kaca-kaca. Madam ta zo da kanta, sakatariya na biye da ita da ledata, ta ce, "Yanzu hukunci ya wuce. In har yanzu kana so ka ba ni, ina so." Ta zaɓi ja. Ba'amurken ya karɓi tasa da hannu biyu, ya ce sai ya cike takarda a jami'arsu ya bayyana ta, amma zai cike.

Balkisa ce ban gani ba. Na bi baranda na same ta ita kaɗai a wani ɗan ɗakin wanke kofuna, ta kunna famfo tana tsaye ba ta wanke komai. Na tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa ba wa ɗan da na haifa haƙuri ba, ubana ma bai taɓa ba ni ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Na ce, "Balkisa, na kusa zubar miki da shekara biyar. Ki yafe mini."

Ta juyo, ashe kuka take yi. Ta ce, "Baba, gaban jama'a na ce ka yi kuskure. Tun ɗazu nake neman bakin da zan zo maka da shi."

Na ce, "Amsar daidai ce. Da kin ce ban yi kuskure ba, da ni zan fara kayar da ke."

Ta yi dariya cikin kukan, ta kifa kanta a kafaɗata, rigata fara ta sha kwalli. Ni ma na yi nawa, ba zan ɓoye muku ba, kuma duk wanda ya yi mini dariya a fada ya nemi wani mai yanke masa gardama. Muna nan tsaye Rifkatu ta leƙo ta ce, "Dakta, Baba, ku fito haka nan, Turawa za su cinye tuwon."